Wutar Maƙeri da Wutar Tela

Ba zan taɓa mantawa ba da wata la'asar, ana dab da Babbar Sallah, da na tsaya a tsakiyar maƙerata cikin kaftanina na Juma'a ina koya wa dattawan unguwarmu ilimin da babu shi a duniya. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Ni maƙeri ne, ɗan maƙeri. Maƙerarmu tana wani lungu a bayan Madabo, tsohon zauren gidanmu ne aka faɗaɗa masa ƙofa. Wuƙaƙe nake ƙerawa, da adda, da barandami, sai fartanya idan damina ta gabato. Tun tasowata gawayi na sani da zugazugi. Abin da ya raba ni da su tari ne. Ya kama ni ya ƙi saki, har likita ya dube ni ya ce, "Malam, ko ka bar hayaƙin nan, ko ya kwantar da kai." Ga shi gawayi mai kyau ya yi wuya, wanda ake kawowa yanzu daga tartsatsi sai toka.

A waya na fara ganin maƙerar gas. Wani mutum ne a wata ƙasa, ko yarensa ba na ji, ya kunna wani akwati, wuta shuɗiya tana gurnani a ciki, ya tura ƙarfe, nan da nan ya yi ja. Babu hayaƙi, babu zuga. Na yi ta maimaita kallon har matata ta tambaye ni ko mutumin ɗan'uwana ne da ya ɓata. Washegari na tafi wurin abokina Sabo mai walda na nuna masa. Ya kalla sau ɗaya ya ce, "Wannan ai ba wani abu ba ne. Nemo ƙarfe."

Muka sami wata tsohuwar tukunyar ƙarfe mai kauri, muka yanke mata baki, muka jera bulo mai jure wuta a ciki, muka shafe da yumɓu. Babban aikin yana wurin bututun wuta, wanda ake sokawa ta saman tukunyar. In da baki za a faɗa, abin mai sauƙi ne. Gas yana fitowa da ƙarfi ta wani ɗan rami kamar kafar allura, ya shiga bututun, yana wucewa yana jawo iska ta ƙeyar bututun da aka bari a buɗe. Iska da gas su gauraya, su kama da wuta a cikin tukunya. In gaurayen ya yi daidai, wutar ta zama shuɗiya, ta tsaya cak tana gurnani. In bai yi ba, ta koma rawaya, ta yi laushi, tana tari kamar ni. A shagon Sabo muka gwada, ta yi kyau har masu wucewa suka tsaya kallo. Muka ɗora ta a keke napep na kawo gida.

Sai na gaya muku yadda wurin yake kafin in ci gaba. Bango ɗaya ne tsakanina da Malam Nasiru tela, mutum mai sanyin hali, wanda muka yi shekara da shekaru muna maƙwabtaka ko musu ba mu taɓa yi ba. Wayar lantarki daga turke ta kan rufina take sauka, ta shiga wani fiyus da ke bayan ƙofata, daga nan ta rabu biyu, reshe ɗaya nawa, ɗayan ya ratsa bango zuwa shagonsa. Wato in na zare fiyus ɗin, ni da shi duk mun rasa wuta. Kayan lantarkin da ke maƙerar ba su da yawa. Akwai kwan fitila, da injin wasa wuƙa, sai wata tsohuwar fankar bango da mahaifina ya kafa tun ina saurayi don ta riƙa korar hayaƙi. Makunninta ya mutu tuntuni, aka haɗe wayoyin. In an kawo wuta ta tashi da kanta tana juya kai hagu da dama, in an ɗauke ta kwanta. Ta daɗe a wurin har na daina ganinta. A gabanta na girke sabuwar maƙerar, don in riƙa shan iska ina aiki.

Ranar farko babu wuta a unguwa. Na kunna gas, ta kama, ta tsaya shuɗiya fes. Na tura guntun sifirin ɗin mota, ya yi ja, na buga wuƙa, ban yi tari ko sau ɗaya ba. Daɗi ya kwashe ni. A ranar na rushe tsohon murhun gawayi don wuri ya yi faɗi, na ba wani ɗan'uwanmu maƙeri zugazugina kyauta, har da yi masa addu'ar Allah ya sa shi ma ya waye. Da yamma Alhaji Ɗanjuma mahauci ya biyo, wanda tun zamanin mahaifina a wurinmu yake sayen wuƙa. Ya ga abin ya burge shi. Ya ce duk wuƙaƙen yanka da na fiɗa da mutanensa za su yi aikin layya da su bana, ni zan ƙera. Na ce masa ya ɗauka an gama, tun kafin a fara ganin raguna a bakin titi zai karɓi kayansa.

Washegari na kunna, sai ga wata wuta dabam. Rawaya, tana lasar bakin tukunya, tana fat-fat-fat. Ta ɗan daidaita, ta sake wargajewa, ta daidaita, ta wargaje. Wani lokaci ma ta koma da baya cikin bututun tana fito. Na bar ƙarfe a ciki har na gaji da jira, bai wuce jan da in ka buga shi guduma za ta dawo maka ba.

Na fara da abin da kowa zai fara da shi. Na ce ɗan ramin gas ne ya toshe. Na kashe komai, na kwance, na sami siririyar waya na tsokale shi, na hura, na mayar. Na kunna, wuta ta tsaya shuɗiya kamar ranar farko. Na ce ashe ƙura ce. (Ban lura ba cewa ina cikin kwance-kwancen nan aka ɗauke wuta.) Na yi aiki har azahar cikin jin daɗi, gumi yana karyo mini, ina cewa alamar zafi ya kai ke nan.

Kwana ya kewayo, cutar ta dawo. Na kaɗa ruwan sabulu na shafa a duk mahaɗar tiyo, ina neman inda zai yi kumfa. Na sami ɗan yoyo a wuri ɗaya, na ɗaure. Ba ta gyaru ba. Na kira Sabo, ya ce wataƙila regileta ce, wato abin da ake ɗaurawa a kan tukunyar gas don daidaita ƙarfinsa, ba ta turowa yadda ya kamata. Na canja wata. Na lura in aiki ya yi nisa jikin tukunyar gas ɗin yana yin sanyi har da raɓa, ƙarfin gas ya ragu, sai na ɗauko bahon wankin matata na cika da ruwa na zaunar da ita a ciki. Wannan ya taimaka, sai dai bahon ne bai koma gida ba, kuma an yi mini magana a kai. Na tura ɗan ramin gas gaba, na jawo shi baya, na daidaita shi ya kalli tsakiyar bututu. Na cire bulo ɗaya a bayan tukunya don wuta ta sami hanyar fita. Kowane gyara in na yi, wata rana ya yi aiki, wata rana kamar ban taɓa komai ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da ta lalace gaba ɗaya da na san inda zan kama.

Alhaji Ɗanjuma ya fara biyowa. Ba ya faɗa, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya kalli ƴan wuƙaƙen da ke kan benci, ya ce, "Maƙeri, raguna fa sun fara shigowa gari." In ce, "Alhaji, in sha Allahu." Ya ce, "To, Allah ya so."

Wata rana da hantsi ina tsugune gaban tukunya, wuta tana ta fat-fat, ina jin keken ɗinkin Malam Nasiru mai lantarki yana gudu ta cikin bango. Sai keken ya tsaya, na ji ya ce, "Sun ɗauke." Ban rufe baki da yi masa jaje ba, wutar da ke gabana ta miƙe, ta zama shuɗiya, ta fara gurnani. Ban taɓa komai ba. Na zauna ina kallonta. Can aka dawo da wuta, kekensa ya tashi, tawa ta wargaje.

Na zabura na miƙe. Na je bayan ƙofa na zare fiyus. Wuta ta gyaru. Na mayar, ta lalace. Na sake zarewa, ta gyaru. Daga nan na ce bari in yi abin a tsanake irin na masu ilimi. Na mayar da fiyus, na kashe kwan fitila, ba ta gyaru ba. Na duba injin wasa wuƙa, a kashe yake. Na ce to, tunda duk kayan lantarkina a kashe suke kuma cutar tana nan, laifin ba na kaya ba ne, na wayar ce kanta. (Na san wasunku sun riga sun gane. Ku yi mini uzuri, ni fankar nan ba na lissafa ta cikin kayan lantarki, cikin bango nake lissafa ta.)

Kafin la'asar na gama haɗa bayanin a kaina. Mu maƙera mun san mayen ƙarfe, da shi muke gwada ko wuƙa ta yi zafin da za a tsoma ta a ruwa, don in ta kai sai ya daina kama ta. Na kuma taɓa jin cewa wayar da lantarki ke bi tana da irin wannan jan. Bututuna na ƙarfe ne, wayar ga ta nan a saman kansa. Ashe jan wayar ne yake karkatar da wutar. Har yadda take gyaruwa ta sake lalacewa a kai a kai na samo wa dalili: na ce lantarki ai ba a miƙe yake tafiya ba, zuwa yake yana komawa. Na kira Sabo na zayyana masa. Ya saurara, sannan ya ce, "Ni dai ban taɓa ji ba. Amma tunda ka gwada ka gani da idonka." Wannan na ɗauka a matsayin shaida.

Na shiga shagon Malam Nasiru. Yadudduka sun cika ko'ina, ɗinkin Sallah har kan tabarmar sallarsa. Keken surfaninsa da lantarki yake aiki, kuma kowa ya san yadda wuta take a garin nan, in an kawo kowa gudu yake ya yi abin da zai yi. Na gaishe shi, na yi masa bayani tiryan-tiryan, na ce ina roƙon alfarma in riƙa zare fiyus da safe har in gama wuƙaƙen Alhaji.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Maƙwabci, wato wutar da nake ɗinki da ita ce take hana taka ci?"

Na ce, "Ba laifinka ba ne, Malam Nasiru. Kimiyya ce."

Ya ce, "To. Da safe kawai?"

Na ce da safe kawai.

Sai dai masu ba da wuta ba su san da yarjejeniyarmu ba. Kwanakin nan da safe suke kawowa, kafin azahar su ɗauke. Ni ina ta buga ƙarfe cikin gumi da farin ciki, shi yana zaune a shago yana kallon kwan fitilar gidan da ke fuskantarsa a kunne, nasa a mace. Masu ɗinki suna zuwa suna komawa. Akwai ranar da na ji wata mata tana ce masa in ya san ba zai iya ba ya ba ta yadinta ta kai wani wuri. Na ji ba daɗi, amma na ce wa kaina kowane ci gaba yana da wahalarsa. Ban tsaya nan ba. Na riƙa yi wa duk wanda ya zauna a bencina bayani, har a majalisar mai shayi na yi. Na ce maganin abin na dindindin shi ne a ɗauke wayar daga kan rufina, a zagaya da ita ta bayan gida, Malam Nasiru ya nemi nasa layin.

Da maganar ta kai kunnensa, haƙurinsa ya ƙare. Bai yi mini faɗa ba, ba halinsa ba ne. Wurin mai unguwa ya tafi. Aka aiko mini cewa mai unguwa zai zo da kansa bayan la'asar ya ga abin da ido.

Ni murna ma na yi. Na share maƙera, na shimfiɗa tabarma, na aro kujera, na yi wanka na sa kaftanina na Juma'a. Matata ta ce, "Baban Ummi, shari'a za a yi ko ɗaurin aure?" Na ce mata ta bari kawai, yau za a san wanda take aure.

Mai unguwa ya zo da dattawa biyu daga masallaci. Malam Nasiru ya tsaya a gefe, tef ɗin awo a wuyansa. Ya bar ƙaninsa a kan keke, don an yi sa'a akwai wuta, ana jin ƙarar ta bango. Alhaji Ɗanjuma ma ya faɗo, shi ba shari'a ta kawo shi ba, wuƙaƙensa ya zo dubawa, aka ce ya zauna. Maƙwabta suka cika bakin ƙofa.

Na gyara murya na fara. "Ranka ya daɗe, ba doguwar magana zan yi ba, ido ne zai yi hukunci." Na kunna gas. Wuta ta fito rawaya tana fat-fat. Na ce a duba da kyau. Na taka zuwa bayan ƙofa a hankali, na zare fiyus. Fitila ta mutu, keke ya tsaya, wutar maƙera ta miƙe shuɗiya tana gurnani. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Ikon Allah." Na mayar da fiyus, ta wargaje. Na ga mai unguwa yana gyaɗa kai. Na ga fuskar Malam Nasiru ta faɗi. In faɗa muku gaskiya, a lokacin ji na yi kamar na ƙara tsawo.

Na ɗauko mayen ƙarfe na ɗaga sama, na shiga bayani. Na yi maganar jan waya, na yi maganar zuwa da komawar lantarki, har na kawo misali da yadda ruwa yake karkata in ya ci karo da dutse. Mai unguwa ya juya wurin tela ya ce, "Malam Nasiru, ka ga dai abin da muka gani. Ina ganin sai dai a yi haƙuri a duba maganar ɗauke wayar nan."

Malam Nasiru ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, kafin a samo mai yin aikin Sallah ta wuce. Kayan mutane ne a hannuna."

Duk wannan abin da ake yi, hankalin Alhaji Ɗanjuma yana kan wayarsa. Yana jiran kiran direban da zai kawo masa shanu, ga caji ya kusa ƙarewa. Ya zaro caja daga aljihu, ya waiga, ya ga soket ɗaya tilo a bango kusa da kafaɗarsa da wani tsohon filogi a ciki. Bai tambayi kowa ba, ya zare filogin ya soka nasa.

Ni kuwa na ba bango baya, hannuna a sama, ina cewa, "Saboda haka, ranka ya daɗe, muddin akwai lantarki a cikin wayar nan, wutar nan ba za ta taɓa..."

Sai gurnani ya cika maƙera. Na waiga. Wuta ta tsaya cak, shuɗiya, irin wadda ban taɓa ganin mai kyanta ba. Na ɗaga kai, kwan fitila yana ci. Ta bango keken tela yana ta gudu. Na tsaya da mayen ƙarfe a hannu, bakina a buɗe, kalmar da zan ƙarasa da ita ta maƙale. Sannan na ji abin da ya kamata in ji tun makonni da suka wuce: iskar da ke kaɗa mini ƙeya ta tsaya.

Malam Nasiru ya kalli wutar, ya kalli bango, ya ce, "Alhaji, don Allah ɗan mayar da filogin da ka cire."

Alhaji ya ce, "Yanzu fa na sa."

"Ɗan lokaci kaɗan."

Ya mayar. Fanka ta yi ƙara, ta fara juyawa. Ta juyo da kai wajen tukunya, wuta ta wargaje ta koma rawaya. Ta kau da kai wajen ƙofa, wuta ta daidaita. Ta dawo, ta wargaje. Dukanmu muka tsaya muna bin kan fanka da ido, hagu, dama, hagu, dama, da mai unguwa da dattawa da mutanen bakin ƙofa. Ga zuwa da komawar lantarkina nan a jikin bango, tana kaɗa ƙura.

Malam Nasiru ya ce, "Cire, Alhaji." Ya cire, wuta ta miƙe.

Wani a bakin ƙofa ya fara dariya ya mayar da ita tari. Mai unguwa ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya dubi fankar ya ce, "To, alhamdu lillahi, an kama mai laifi. Tunda a gidanka take, Injiniya, kai za ka hukunta ta." Daga nan ne dariyar ta ɓarke, har dattijon da ya ce ikon Allah sai da ya dafa bango. Alhaji Ɗanjuma kaɗai ne bai gane abin da ya faru ba. Ya ce, "Ni dai zan iya ci gaba da cajina?"

Ban san yadda na raka su ba. Na dai tuna na durƙusa na yi wa mai unguwa godiya da mayen ƙarfe har lokacin a hannuna. Da na shiga gida, matata ta ajiye mini abinci. Sai da na kai loma ta ce, "An sani?" Na ce an sani.

Abin da ke faruwa ashe ba shi da wani sirri. Fanka tana busa iska ta kan ƙeyar bututu, sai ta hana shi jawo iskarsa yadda ya saba. Tana kuma kwaso zafin da ke fita daga bakin tukunya, iskar da ta riga ta ƙone, ta tura masa ya sake shaƙa. Gyaran bai ɗauke ni lokacin shan shayi ba. Na kwance fankar na mayar da ita ɗaya bangon, inda take busa ni ba ta busa bututu, na yanko gwangwani na yi wa ƙeyarsa ƴar katanga. Tun ranar wutar ba ta sake tari ba.

Gyaran da ya fi wuya na shagon maƙwabci ne. Washegari da sassafe na shiga, na ce, "Malam Nasiru, na zo neman gafara. Na cuce ka, kuma na yi ta da baki mai yawa."

Ya ci gaba da zura zare, ya ce, "Ba komai, maƙwabci. Kimiyya ce."

Na ce ya faɗi abin da zan yi. Ya yi tunani, ya nuna mini tarin kayan da aka ɗinka ba a goge ba, da tsohon dutsen gugarsa na gawayi. Ya ce, "Wannan ba ruwansa da lantarki. Ka san kan gawayi, ko ka manta?" Haka aka yi. Da safe in buga wuƙaƙen Alhaji, bayan azahar in hura ragowar gawayina a waje, in zuba a dutse, in tsaya a ƙofar shagon tela ina guga har jajibirin Sallah. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya." Alhaji Ɗanjuma ya karɓi kayansa a kan lokaci, da ƙyar. Malam Nasiru ya sallami yawancin masu ɗinkinsa, amma matar nan da ta karɓe yadinta ba ta sake dawowa ba, kuma wannan har yau yana damuna fiye da dariyar.

Bayan Sallah da ƴan watanni na je sayen gas wajen Ƙofar Mata. Muna layi, wani mutum da ban sani ba ya ga hannuwana ya tambaye ni sana'ata. Da na faɗa masa, ya matso ya rage murya. Ya ce, "To bari in ba ka shawara. Kada ka kuskura ka ajiye tukunyar gas a ƙarƙashin wayar lantarki, jan wayar yana lalata wuta. Wani babban maƙeri ne a cikin gari ya gano, har gaban mai unguwa ya gwada, kowa ya gani."

Na ce, "Ba ka ji ƙarshen labarin ba?"

Ya ce, "Wane ƙarshe?"

Na gaya masa maganar fanka daga farko har ƙarshe, ban dai ce ni ne ba. Ya saurare ni da haƙuri, sannan ya girgiza kai ya ce, "Ku maƙera kun cika hassada. Mutum ya yi bincikensa, sai ku ce fanka."

Na karɓi tukunyata na kamo hanyar gida. Abin da na koya dai shi ne, yanzu in wani abu ya lalace mini, sai na gama waiwayen bayana kaf kafin in kalli rufin maƙwabci. In kuma na ji wani babban ilimi yana taso mini, nakan rufe baki in bar shi ya kwana, domin na ga yadda shirmena ya riga ni isa Ƙofar Mata, har ya sami mai kare shi.